Kafin ka sa tsohon kaset a na'ura, rubuta halin da ka same shi

Masu tambayata yadda na yi na juya tsofaffin kaset-kaset ɗin bidiyon gidanmu zuwa kwamfuta sun yi yawa, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce, wane shago ne, nawa ake biya. To gaskiya ba shagon ne maganar ba. Abin da ya fi cin lokacina, kuma ya fi yi mini rana daga baya, shi ne rubuta halin da kowane kaset yake ciki kafin a taɓa shi, da lokacin da yake juyawa a na'ura, da bayan an ciro shi. Bari in faɗi yadda abin ya tafi tun daga farko, ko Allah zai sa wani ya huta da ruɗanin da na shiga.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, mai ɗaukar bidiyo ne a Kano tun ƙarshen shekarun 1980. Biki, suna, saukar Alƙur'ani, hawan sallah, taron siyasa, har da 'yan dirama lokacin da fim ɗin Hausa na kaset ya fara tashe a farkon shekarun 1990, duk ya ɗauka. Da ya rasu aka raba gado, sai ga kwalaye da buhunan bakko cike da kaset a sito, sun haura ɗari biyu, ba wanda ya ce nasa ne, kuma siton nan kwanonsa yana yoyo ta gefe ɗaya. Matakin farko da na bi ba na fasaha ba ne, na gida ne. Na je na durƙusa gaban matarsa na ce Umma ina neman izini in kwashe kayan nan in adana, ta ce in jira babban ɗansa ya zo daga Kaduna. Jiran nan ya ɗan daɗe, ga damina tana matsowa, hankalina ba a kwance ba. Da Yaya ya zo muka rubuta 'yar takarda, kaset na magada ne, ni mai riƙo ne kawai, kuma sharaɗin da Umma ta kafa shi ne kada a kuskura a sa bikin mutane a intanet, don akwai kamu da wuni inda mata suke cikin sakewa, matan aure ne yanzu, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ina roƙonsa ya fara da wannan takarda, ya sa kowa ya sa hannu.

Daga nan na ɗebi kashin farko na kai wani shago da aka ce suna juya kaset. Kuɗinsu bisa kowane kaset ne, suka karɓi rabi, aka shiga ka dawo jibi, ka dawo mako mai zuwa, babu wuta, yaron da ke yi ya yi tafiya. Ƙarshe dai aka miƙo mini filasha da kaset-kaset ɗina a leda. Na buɗe a gida, fayil-fayil sunansu 1, 2, 3, ba ka san wanne ne na wane kaset ba. Wani hoton yana rawa da layi-layi, wani babu kala kwata-kwata, kuma kaset biyu sun dawo zarensu a waje a tattaune. Na koma na yi magana, mai shagon ya ce ranka ya daɗe ai haka suka zo. Ni ina ganin ba haka suka je ba, amma ba ni da shaida, shi ma ba shi da ita, don ba wanda ya rubuta komai ranar da aka karɓa. Na fito raina a ɓace, ba don kuɗin ba, sai don ɗaya daga cikin kaset biyun nan saukar karatun 'yan'uwana ce kuma babu wani kwafi a duniya.

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi ritaya daga ɗakin ajiyar kaset na wani gidan talabijin. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, na zayyana masa komai, ya yi shiru sannan ya ce, ɗana, kada ka ƙara sa ko ɗaya a na'ura sai ka ba shi lamba ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da hancinka ya ji. Ya ce tsohon kaset wani lokaci sau ɗaya zai yarda ya juya lafiya, in ka ɓata wannan damar shi ke nan. Ya kwatanta mini rajistar da katin asibiti, duk likitan da ya karɓi mara lafiya yana duba abin da aka samu a baya da maganin da aka ba shi kafin ya taɓa shi. Na ce Baba ni ban san me zan duba ba, ya ce in sayo babbar rajista mai bangon kwali, da fensir, da tocila, da safar hannu da takunkumi, zai zo ya nuna mini da kansa.

Muka fito da kwalayen daga sito zuwa wani ɗaki na ciki mai iska, ya ce a bar su su huce su saba da ɗakin tukuna, kada a ɗauko kaset daga zafin kwano a wuce da shi na'ura. Sannan muka fara ɗaya bayan ɗaya. Kowane kaset shafi guda. Lamba a saman shafi, lambar nan kuma a manna ta a gefen kaset da jikin kwalinsa, ba a kan tagar da ake hango zare ba. Sai hoto da waya, gaba, baya, gefe, da kwalin. Sai a kwafe rubutun da ke jiki yadda yake, ko da kuskure, ko da an soke an sake rubutawa. Kawu wasu da ajami ya rubuta, wasu da boko, wasu suna kawai da unguwa, babu shekara. Baba ya hana ni haɗa hasashena da abin da ke rubuce, ya ja layi a shafin, gefe ɗaya abin da kaset ya faɗa, gefe ɗaya abin da nake zato. Bayan haka sai irin kaset ɗin, yawancinsu VHS ne, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, akwai ƙananan Hi8 da MiniDV na ƙarshen aikinsa, sai wasu manya masu nauyi da ban taɓa gani ba, ya ce U-matic ke nan na Sony, tun 1971 ake yinsu, su gidajen talabijin suka yi ta amfani da su. A rubuta kamfanin da ya yi kaset, a rubuta tsawonsa, E-180 awa uku ne, amma in an ɗauka a kan LP, wato tsarin da zare ke tafiya a hankali don ya ɗauki dogon lokaci, zai iya kai awa shida, kuma Kawu yana yin haka in kaset ya yi ƙaranci a wurin biki.

Wurin duba lafiyar kaset ɗin ne na ga ashe ido ma sai an koya masa. Ka haska tocila ta tagar ka kalli gefen zaren da ke naɗe. Mai lafiya za ka gan shi baƙi sumul, naɗinsa a daidaice. Wani kuwa za ka ga naɗin hawa-hawa, wasu layuka sun turo sama, alamar an cire shi a tsakiyar kallo ko ya daɗe a kwance. Fumfuna kuma fara ce, wani wuri ɗigo-ɗigo, wani wuri ta shimfiɗa ta rufe gefen gaba ɗaya, kuma kusan duk kaset ɗin da suka fito daga kwalin da ke ƙarƙashin yoyo suna da ita. Akwai ɗan maɓalli a gefen kaset, in ka danna shi murfin gaba zai ɗaga ka ga zaren kansa, ka duba ko ya yamutse, ko gefensa ya tattaune, ko an taɓa ɗaure shi da salatif. Sai ka shinshina daga nesa kaɗan, wari na tsami ko na laima a rubuta shi. Sai ka girgiza a hankali ka ji ko wani abu ya karye a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan harshen robar nan na bayan kaset da ake karyawa don kada a ɗauki wani abu a kai. Baba ya ce in ka ga an karya shi sannan an toshe ramin da salatif, to an sake ɗauka a kan kaset ɗin, kada ka yarda da rubutun jikinsa. Haka kuwa aka yi, wani da aka rubuta biki a Fagge, da muka buɗe daga baya rabinsa wasan ƙwallo ne. Duk wanda harshensa yake nan sai mu rubuta cewa mun same shi da shi, sannan mu karya. A ƙasan kowane shafi hukunci ne kala uku, lafiya, ko a yi hattara, ko kada a sa. Masu fumfuna muka ware su a wani kwali daban nesa da sauran, don tana yaɗuwa, kuma in ka sa guda a na'ura to duk kaset ɗin da ya biyo baya ya ɗauka.

Wannan mataki shi ya fi daɗewa kuma babu wani daɗi a cikinsa, kana zaune cikin ƙura da takunkumi ba ka kalli ko minti ɗaya ba, 'yan gida suna ta tambaya wai yaushe za a ga bikin wance. Amma da muka gama na san abin da nake riƙe da shi, na san waɗanda za a fara da su.

Sai neman na'ura. Kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta, Funai na Japan, ya daina tun 2016, don haka duk wadda za ka samu tsohuwa ce. Na zaga wajen masu gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, wasu ma sun ce sun manta rabon da su ga mai neman irinta. Na samu guda biyu a wurin wani mai gyara, ya canja bel da robar da ke jan zare, ya wanke kan da ke karanta hoton da sifirit. Baba ya sa na buɗe wa na'urorin nasu shafin a bayan rajista, sunan kamfani, lambar samfuri, lambar jiki, me aka canja, yaushe aka wanke kai. Ya kuma ce a gwada su da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, irin fim ɗin Indiya na haya, in za ta ci zare ta ci wannan. Game da kuɗi, farashin kayan nan yana bin dala ne yana canjawa, amma a wurina abin da ya fi cin kuɗi shi ne had disk, sai man janareta, sai ɗan akwatin da ke shigar da hoto cikin kwamfuta, na'urar bidiyon ita kanta ba ta kai su ba. Kada ka fara sai kana da inbata ko wani batir da zai riƙe na'urar, don in aka ɗauke wuta zare yana naɗe a kan kai, ciro shi wani aiki ne.

Juyawar ba ta da gajeriyar hanya, kaset mai awa uku awa uku zai ci, kuma dole mutum ya zauna a gabansa da fensir. Wani yaro ɗalibi mai ilimin kwamfuta ya taya ni, ina biyansa bisa kaset. A shafin kowane kaset muna rubuta ranar, wace na'ura, wa ya zauna, sai abin da ya faru minti da minti: farin layi ya gifta a minti 12, hoto ya yi tsalle daga minti 40 zuwa 43, sauti ya ɗauke ya dawo, an taɓa maɓallin daidaita hoto a wuri kaza. A nan na gane amsar abin da ya haɗa ni da mai shago. In aibin yana fitowa a wuri ɗaya duk lokacin da aka maimaita, ko a na'ura ta biyu, to a jikin zaren yake. In kuwa hoton ya cika da yayyafi gaba ɗaya, aka wanke kai ya washe, to datti ne ya toshe na'ura, sai a rubuta an tsaya an wanke an sake. Ɗan layin nan kuma da ke rawa can ƙasan hoto ba aibi ba ne, kowane VHS yana da shi, tsohon talabijin ne yake ɓoye shi a gefen gilashi. Kaset mai rauni dai ba a ta maimaita shi don gwaji. In ka ji na'ura tana ƙara tana ƙiƙi ko hoton yana dusashewa cikin 'yan mintuna, tsaya nan take.

Wanda ya fito babu kala daga shago kuwa ashe lafiyarsa ƙalau. Baba ya duba hoton jikinsa a rajista ya ga an rubuta kokawa, Maraɗi, ya ce ai wannan daga talabijin ɗin Nijar aka ɗauko shi. A zamanin kaset kowace ƙasa da tsarin da talabijin ɗinta ke aika hoto da kala, Nijeriya tsarin PAL take bi, Nijar kuwa SECAM irin na Faransa, Amurka kuma NTSC, kuma kaset ɗin SECAM in ka sa a na'urar PAL baƙi da fari zai ba ka. Sai da mai gyaran nan ya aro mana wata na'ura mai karanta SECAM, sai ga kala ta fito, ga 'yan kokawa da layunsu ga makaɗa. Tun daga nan muka ƙara layi a kowane shafi na tsarin hoto. Duk mai kaset daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ya lura da wannan kafin ya ce kaset ya mutu.

Akwai wasu kaset biyu ɗaure da roba, ɗaya an rubuta hagu ɗaya dama, da sunan wani abokin Kawu mai zane da ya yi karatu a Zariya. Yaron da ke taya ni ya juya na hagu ya rubuta, kala tana narkewa, hoto yana ninkuwa cikin kansa daga minti 4 zuwa 9, lalacewa. Na dama kuma ya rubuta babu sauti. Har yana cewa akwai manhajar da za ta gyara. Na nemi mutumin, Allah Ya sa yana raye, ya tsufa sosai amma hankalinsa garau. Na nuna masa a waya na ce Malam ga yadda ya lalace, ya ce ina, ai haka na yi shi. Kyamarar suka juya ta kalli talabijin ɗin da ita kanta take aika wa hoto, shi ya sa hoton ke haihuwar kansa, kuma sun kwana suna neman wannan kalar shi da Kawu. Na daman da gangan ya bar shi shiru. Aikin ba fim ba ne, a wani baje kolin zane aka nuna shi, talabijin biyu masu ƙeya a ƙasa gefe da gefe, a danna su lokaci ɗaya, in sun ƙare a mayar baya a sake. Na nemi izininsa na naɗi muryarsa, na tambaye shi girman talabijin ɗin, tazarar da ke tsakaninsu, ƙarfin sauti, hasken ɗaki, da ko ya yarda a nuna a kan talabijin na bango na zamani. Ya ce a'a, sai in babu yadda za a yi. Duk na rubuta a wani sabon layi da na sa wa suna nufin mai aikin, kuma ban goge abin da yaron ya rubuta ba, na dai ƙara bayani a ƙasansa da kwanan wata. Daga baya na karanta cewa manyan gidajen adana kayan fasaha irin su Tate a Landan da MoMA a New York haka suke yi da ayyukan bidiyo, suna tambayar mai aikin suna rubutawa, don akwai irin su Nam June Paik, ɗan Koriya da ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan talabijin a 1965 don hoton ya murɗe, wanda duk ya zo gyara wannan ya kashe aikin. Saboda maganar Malam na hana a sayar da tsofaffin talabijin biyu na Kawu ga 'yan gwangwan, su ma na buɗe musu shafi.

Fayil ma yana da nasa lissafin. Kowane kaset muna fitar da biyu, babba na ajiya wanda ba a matse ba ta yadda zai rasa komai, mu tsarin ajiye bidiyo da ake kira FFV1 muka yi a cikin nau'in fayil na MKV, awa ɗaya takan ci giga talatin ko fiye, sai ƙaramin MP4 na kallo da turawa 'yan'uwa. Ba a yanka komai daga babban, ba a gyara kala, in za a yi kwalliya a yi wa ƙaramin. Sunan fayil shi ne lambar kaset, ba wani abu ba. Sai yaron ya fitar wa kowane fayil wata doguwar lambar tantancewa da ake kira MD5, in ko ɗigo ɗaya ya canja a fayil ɗin lambar za ta canja, da ita ake gane ko kwafi ya lalace a ajiye. Kwafi uku na yi, ɗaya yana wurina, ɗaya a wurin Umma, ɗaya a Kaduna wurin Yaya. Rajistar kanta na ɗauki hoton kowane shafi, na kuma shigar da ita Excel, na sa a cikin kowane had disk.

Kaset ɗin ba a zubar da su bayan an juya, wata rana za a iya samun na'urar da ta fi taka. Mun mayar da zaren kowanne farko, muka jera su a tsaye cikin kwalayensu a kan kanta, sama da ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Laimar damina ita ce babbar abokiyar gabarsu, sai ƙurar hunturu, don haka bayan kowace damina nakan haska tocila in bi su in rubuta kwanan wata da abin da na gani. In za ka kai wa mai shago ne ba da kanka za ka yi ba, babu laifi, amma ka je da shafin kowane kaset da hotonsa, ku duba tare, ya sa hannu ka sa, ka ce masa sunan fayil lambar kaset, kuma ya rubuta duk inda ya tsaya da dalili. Wanda ya ƙi wannan ka ɗauki kayanka.

Waɗanda suka rage mini su ne masu fumfuna da manyan U-matic ɗin nan. Masu fumfuna kaɗan mai gyara ya buɗe su a waje da takunkumi ya goge a wata na'ura da muka ware musu, kowanne an rubuta abin da aka yi masa, masu yawa kuwa ban yarda a taɓa ba. U-matic ɗin Baba ya ce wasu zarensu ya yi danƙo, gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisun da ke shafe a jikin zare, wanda hoton yake kansa, ya sha laima, in aka sa su haka za su kankare a kan na'ura. Masu ilimin abin suna gasa irinsu a wata tanda ta musamman a zafi wajen digiri 50 na tsawon awanni, su juya su cikin ɗan lokaci kafin danƙon ya dawo, ya ce kada in bari kowa ya gwada da tandar girki ko shanya a rana. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tana da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti a Jos, can nake shirin zuwa neman shawara in Allah Ya yarda, kuma shafukan rajistar da hotunan zan fara kai musu, kaset ɗin suna nan a kanta sai an gaya mini yadda za a ɗauke su.